Takardar Jinin Zubaida Ta Ƙi Buɗewa

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe 4:40 na yamma

Takardar ta zo, amma ta ƙi buɗewa.

Bari in rubuta yadda aka yi, don in na bar shi a kaina sai ya dame da hayaniyar gidan nan. Ranar Alhamis da ta wuce Zubaida da Mujitaba suka je Kano aka ɗebi jininsu, gwajin da ake yi kafin aure don gudun sikila. Ni na dage a yi, liman ma ya ce ba zai ɗaura ba sai ya ga takarda. Da aka tambayi Zubaida inda za a turo sakamakon, sai ta ba da imel ɗina. Ta dawo ta ce min, "Baffa, kai za ka fara gani, ni ba zan iya ba." Na ce to. Tun tana 'yar shekara tara, da ƙanena Sha'aibu ya rasu, take gidan nan. Ni ne waliyyinta, wa zai gani in ba ni ba?

Yau da hantsi a ofishinmu na sashen noma, nan sakatariyar Bebeji, na samu intanet ta ɗan yi ƙarfi na sauke takardar cikin kwamfutata. Ga ta nan a kan allo da sunanta da komai. Na danna ta sau biyu kamar yadda nake yi shekara bakwai. Ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, farar taga ta leƙo ta koma. Na sake dannawa, ta leƙo ta koma. A karo na uku ta rubuto min da Turanci wai ba za a iya buɗe fayil ɗin ba. Babu dalili, babu ban haƙuri.

Ɗaurin aure ranar Asabar 25 ga wata. Saura kwana goma sha tara.

Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe 7:15 na safe

Na kashe kwamfutar na kunna. Na kashe na cire batir na hure shi na mayar. Na cika ta da caji taf, ko yunwa ce ke damunta. Ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi.

Sai na ce bari in gwada wasu takardun. Jadawalin feshin shinkafa ya ƙi. Rahoton da na rubuta da hannuna a watan jiya ya ƙi. Takardar hutuna ta bara ma ta ƙi. Ashe ba takardar Zubaida ce ke da matsala ba, manhajar da ke buɗe takardu ce gaba ɗaya ta yi yaji, wadda aka haifi kwamfutar da ita, wadda ba ta taɓa ce min uffan ba.

Da na gane haka sai na ji raina ya ɗan yi sanyi. Ban san me ya sa ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Ta leƙo ta koma. Sau goma sha shida na ƙirga.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

Wata abokiyar aikinmu ta ce irin wannan sai an sabunta manhajar. Na sa data, na nemo wajen sabuntawa, na danna. Ta fara tafiya kamar da gaske, ta kai tsakiya ta tsaya, ta rubuto wata doguwar magana da ban tsaya karantawa ba saboda haushi. Matar ta miƙo hannu ta ce, "Malam Labaran, kawo in duba maka." Na rufe murfin na ce na gode, lokacin salla ya yi. Saura minti arba'in a kira salla, ita ma ta sani.

Ba rowa ba ce. Duk wanda ya gyara kwamfutar nan, abu na farko da zai faɗo masa a ido jinin 'yata ne. Garin nan kuwa in ka yi atishawa a sakatariya, kafin ka kai tasha an ce maka sannu da mura.

Na dawo gida na tarar da Gwadabe ya zo daga Tudun Wada, autanmu, mai bakin da ba ya gajiya. Shi ya haɗa mu da mutanen Doguwa, dangin Mujitaba, don haka yake jin auren nan kamar gonarsa ce. Ko takalmi ban cire ba ya ce, "Yaya, ina takardar?" Na ce kwamfuta ta ƙi buɗewa. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Kano ce fa, ba Makka ba. Ka hau mota ka karɓo ta hannu mana." Na ce kaka ce, manoma na jirana a Ba'awa da ƙauyukan Kiru, ba ni da ranar zuwa Kano. Ya dube ni sama da ƙasa.

Akwatunan lefe suna nan jere a ɗakin matata Rabi. Duk matar da ta shigo sai an buɗe mata, a ɗaga atamfa a yi guɗa. Na faɗa tun farko a yi gwaji kafin a karɓi kayan kowa, aka ce na cika tsurku. Yanzu ga shi ana fafe gora ranar tafiya.

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe 3:50 na yamma

Zubaida ta kawo min abinci, ta durƙusa ba ta tashi ba. Ta ce, "Baffa, ko in buɗe maka imel ɗin a wayata? Sai in miƙa maka, ba zan kalla ba."

Na ce na manta kalmar sirrin, kwamfutar ce ta riƙe ta.

Ta ce to, ta tashi.

Ban manta ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, da la'asar

Mujitaba ya zo gaisuwa a kan babur tun daga Doguwa, da rabin buhun dankalin Turawa na gonarsu ɗaure a baya. Yaron nan haushi yake ba ni saboda na rasa abin da zan kushe masa. Malamin makaranta ne, ba ya shan komai, in ya gaishe ka sai ka ce tashi sau uku kafin ya ɗago. Ya tambayi lafiyar ƙafar Rabi, ya tambayi masarar bana. Bai tambayi takarda ba. Da ya tambaya da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Da zai tafi na ji Zubaida tana dariya a soro. Rabon da in ji irin wannan dariyar a gidan nan tun suna su biyu a ɗaki ɗaya, ita da 'yata Husna.

Na koma na danna. Ta leƙo ta koma. Wallahi ƙiris ya rage in jefa ta rijiya.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe 6:00 na yamma

Yau na yi abin kunya, bari in rubuta shi ko zai fita daga raina.

Na sa kwamfutar a jaka na hau acaɓa har Ƙafin Maiyaki, don kada in kai ta wajen masu gyaran Bebeji da suka san sunan kowa a gidana. Akwai wani Mustapha a can mai gyaran waya da kwamfuta, na san mahaifinsa tun ina zagayen gonaki. Na ɗauka zan same shi shi kaɗai. Ina! Shagon cike da masu cajin waya, wasu a benci, wasu a tsaye, har da wani da ya zo jin labari kawai.

Mustapha ya karɓe ni da mutunci, ya tashi wani ya ba ni kujera. Na faɗa masa matsalar. Ya danna, ta leƙo ta koma, ya ce, "Ai wannan ba komai ba ne, Baba. Wacce kake son gani? Wannan ta saman? Bari in buɗe maka ita ta wata hanyar yanzu-yanzu." Ya kai hannu. Kawuna uku sun riga sun leƙo ta kafaɗarsa.

Ban san lokacin da na fizge ta ba. Igiyar caji ta tsinko, ta kwaso wayoyin mutane biyu suka zube ƙasa. Wani ya ce, "To, Alhaji, ko takardar gado ce?" Aka yi dariya. Na ba da haƙuri, na fito ina haɗa gumi, mutum mai shekara hamsin da shida.

A hanya iska ta ɗauke min hula, sai da muka tsaya na bi ta cikin gonar dawa.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Ban kunna ta ba. Ta ji da kanta.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe 5:10 na yamma

Gwadabe ya dawo. Ya ja ni bayan gida wajen rumbu, ya rage murya, shi da ko raɗa yake yi sai maƙwabta sun ji. Ya ce, "Yaya, mu yi magana ta manya. An kai goro ko'ina, an gaya wa mutanen Kaduna, an yi ɗinki. In takardar nan ta ƙi, akwai inda ake samun wata. Liman tambari kawai yake dubawa."

Na ce me kake nufi?

Ya ce, "Ka san abin da nake nufi. Kuma ko da ace su biyun AS ne, likitoci da kansu sun ce ɗaya cikin huɗu ne ke ɗaukowa. Uku lafiya lau. Allah ke rayawa, Yaya. Ku da kuka yi aure ba gwaji, 'ya'yanku huɗu, ɗaya ce kawai ta ɗauko."

Na ce, "Ɗayar tana da suna, Gwadabe."

Ya sunkuyar da kai. Na ce ya faɗi sunan. Bai faɗa ba. Na ce, "Kai ka ɗauke ta a kafaɗarka zuwa maƙabarta, ka faɗi sunanta." Sai ya ce, "Husna." Na ce to hau babur ɗinka tun ina ganinka da mutunci.

Bayan ya tafi na zauna a gindin rumbun. Abin da ya fi ba ni takaici, da ya fara maganar sai da na saurare shi har ƙarshe.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan azahar

Liman ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce yana jira. Na ce kwamfuta ce. Ya ce Allah ya ba ta lafiya. Ban gane ko zolaya ce ba.

Saura kwana tara. Zubaida ta daina tambaya, ta kuma daina cin abinci sosai. Rabi kuwa in ta ajiye min kwano da ƙarfi take ajiyewa.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe 11:20 na safe

Na koma Ƙafin Maiyaki da sassafe, na tarar da Mustapha yana buɗe shago, ba kowa. Na ba shi haƙurin rannan. Ya ce, "Haba Baba, ni ne ban yi hankali ba." Na ce takardar iyali ce, ba na son a buɗe ta, dalilin ciwon kawai nake son sani. Ya juya benci ya sa muka ba ƙofa baya, ya ce ko kusa da ita ba zai je ba.

Minti biyu bai yi ba ya nuna min wani jan layi. Ya ce, "Baba, ka ga wannan? Cikinta ne ya cika, ko allura ba wajen sawa. Manhajar nan kafin ta nuna maka takarda sai ta ɗan shimfiɗa ta a gefe, kamar mai shanya. In ba fili ina za ta shimfiɗa? Shi ya sa ta leƙo ta koma, shi ya sa sabuntawar ma ta tsaya. Ai ta gaya maka, ga shi a rubuce."

Na daɗe ina ganin jan layin nan. Na ɗauka ado ne.

Ya ce bari ya ga abin da ya cinye wajen, ƙaramin ciki ne da ita dama. Ya danna nan ya danna can, sai ga su sun jeru a allo. HUSNA. HUSNA 2. HUSNA 3. Har goma sha ɗaya.

Ya ce, "Waɗannan duk girmansu ɗaya. Abu ɗaya ne aka yi ta kwafewa. Wa ya yi haka?"

Na ce ni ne. Ya ce don me? Na ce shekara talatin ina koya wa manoma kada su zuba irin shuka a rumbu ɗaya, a raba shi gida-gida, in gara ta ci wannan a samu wancan. Na ce abin da na yi ke nan.

Ya ce a hankali, "Baba, ai duk a rumbu ɗaya ka zuba su. Ranar da kwamfutar nan ta mutu, su goma sha ɗayan tare za su tafi."

Shekara shida ina jin na yi dabara.

Ya ce in kwafe ɗaya a filash in ajiye a wani wuri dabam, in bar ɗaya a ciki, in goge goma. Ya nuna min yadda ake yi har sau biyu, ya sa na rubuta a bayan takarda. Bai tambaye ni wace ce Husna ba. Allah ya yi masa albarka.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe 4:00 na yamma

Filash ɗin da na saya wajen Mustapha yana aljihuna tun jiya. Ɗan mitsitsi, bai kai ɗan yatsa ba.

Bari in rubuta tunda ba mai karantawa. Hotuna ne da bidiyo da na ɗauka a shekararta ta ƙarshe, da babbar wayata. Tana da shekara goma sha biyu. Wata biyu bayan rasuwarta aka zare min wayar a motar Kano, Allah ya sa na riga na zuba su a kwamfuta. Tun daga ranar ban sake riƙe babbar waya ba. Duk lokacin da tsoro ya kama ni, in kwamfutar ta yi zafi ko ta yi wani ƙara, sai in sake kwafe foldar in sa mata lamba. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Kwafewa kawai nake yi in rufe.

Yanzu wai in sa hannuna in danna goge a kan sunanta har sau goma.

Wata shegiyar na'ura ce ma za ta sa mutum irin wannan aiki?

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe 12:30 na rana

Na zauna a rumfa bayan karin kumallo na bi abin da Mustapha ya rubuta. Na sa filash, na kwafe ta farko. Ta ɗauki lokaci. Da ta gama na ce dole in tabbatar ta shiga kafin in goge komai, sai na danna wani a ciki. Ban san sautin a buɗe yake ba.

Muryarta ta cika tsakar gida.

Suna zaune a tabarma ita da Zubaida suna ɓarar gyaɗa. Idanunta sun yi ɗorawa, hannun hagu a kumbure, amma dariya take yi tana cewa, "Baba, ka ɗauki Yaya Zubaida, ci take yi ba ɓara ba!" Zubaida ta rufe baki da hannu, kumatu cike.

Rabi ta fito daga madafa da muciya a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya har bidiyon ya ƙare, sa'an nan ta ce, "Ashe tana nan ciki duk shekarun nan, ba ka taɓa nuna min ba."

Na ce ban iya ba.

Ta ce, "Kwana goma sha uku kana zagin ƙarfe, Malam. Yarinya ta rame a gabanka. Ka yi abin da za ka yi."

Ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Na goge ta goma sha ɗaya. Kwamfutar ta tambaye ni wai na tabbata? Ji rainin hankali. Na ce na tabbata. Ta goma, ta sake tambaya. Daga ta bakwai hannuna ya ƙi, Rabi ta ɗora nata a kan nawa muka ƙarasa. Jan layin ya koma shuɗi.

Ban danna takardar ba tukuna. Na ce sai na yi salla.

Lahadi, bayan la'asar

Ta buɗe. Ko juyawa zoben bai yi ba.

Zubaida AS. Mujitaba AS.

Na karanta sau huɗu, na cire tabarau na goge na sake karantawa. Na rufe na sake buɗewa ko za ta ƙi. Ta buɗe.

Na sa Rabi ta kira ta. Ta zo ta durƙusa, ta dubi fuskata, ta ce, "Baffa, ta buɗe?" Na ce ta buɗe. Na juya mata allon. Ta daɗe tana kallo, haruffa huɗu ne kawai amma ta daɗe.

Ta ce, "Irin naka da na Umma." Haka take kiran Rabi.

Na ce haka ne. Na ce ba zan tilasta mata komai ba, ta san ciwon nan fiye da likita, ita ke dafa ruwan zafi tana gasa wa Husna ƙafa tun tana 'yar shekara goma. Na fara kawo maganar ɗaya cikin huɗu, na ji bakina ya yi kama da na Gwadabe, na fasa.

Sai ta ce, "Baffa, in tambaye ka? Da an gwada ku tun farko, da ka auri Umma?"

In na ce e, na tura ta inda na fito. In na ce a'a, na ce da ba a haifi Husna ba, ga uwarta a tsaye.

Rabi ce ta amsa daga bakin ƙofa. Ta ce, "Ni zan ba ki amsa. Da ban aure shi ba. Kuma wallahi son da nake masa a lokacin ya fi wanda kike wa naki."

Zubaida ta kifa kai a cinyar Rabi. Ni na tashi na fita duba awaki, alhali na riga na ba su dusa.

Litinin, 20 ga Oktoba, da safe

Gida shiru. Ban je ofis ba. Rabi ta kawo koko, ban iya kallon idonta ba.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe 2:15 na rana

Mujitaba ya zo, ni na kira shi na gaya masa da bakina. Sun yi kusan awa biyu a soro. Ban ji abin da suka ce ba, ban kuma tambaya ba. Da ya fito ya durƙusa kamar kullum, idanunsa jajur, ya ce, "Baba, na gode da ba ka ɓoye ba." Na ce tashi sau uku bai tashi ba. Ya ba ni haushi ƙwarai, don ya sa ni hawaye a gaban ƙofar gidana.

Bayan ya tafi Zubaida ta same ni ta ce, "Baffa, a mayar musu da akwatunan. Amma kada a aiki mata, kai nake so ka kai."

Na ce to.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe 6:10 na yamma

Mun kai kayan Doguwa. Gwadabe ne ya samo mota, ban roƙe shi ba. Tun daga Bebeji har muka wuce Tudun Wada bai yi magana ba, wannan shi ne shiru mafi tsawo da na sani a rayuwarsa. Mahaifin Mujitaba ya karɓe mu da kyau. Ya ce, "Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi." Wata gwaggonsu ta yi ta faɗa daga ciki wai boko ya raba sunna. Na sha ruwan da aka kawo na yi godiya.

A hanyar dawowa Gwadabe ya ce, "Yaya, akwai hotonta a wajenka?" Na ce akwai.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe 11:00 na safe

Yanzu ne da ana ɗaurawa.

Zubaida ta tafi Kiru wajen kakarta ta kwana biyu, ita ta nemi hakan. Ta ci tuwo kafin ta tafi, na gani da idona. Filash ɗin yana cikin akwatin Rabi, Gwadabe ma ya ce zai sayo nasa a zuba masa ya kai Tudun Wada.

Kwamfutar kuwa yanzu ko me na taɓa buɗewa take yi tun ban ɗauke yatsa ba. Jadawalin feshi, rahoto, takardar hutu. Sai rawar jiki take yi kamar ba ita ba. Ko kallonta ba na son yi.

Kwana shida ina kewaye Rabi a gida ɗaya. Ɗazu ta kawo min fura ta tsaya a kaina. Ta ce, "Malam, fushi kake da abin da na gaya wa yarinyar?" Na ce a'a. Ta ce, "Ƙarya kake. Gaskiya na faɗa mata, kuma ko gobe zan sake faɗa. Amma shekara ashirin da takwas ka taɓa ganin na haɗa kayana?"

Na ce ban taɓa ba.

Ta ce, "To sha furarka." Ta ja kujerar nan ta rannan ta zauna, ta goge hannu da zane, ta nuna kwamfutar da haɓa.

Ta ce, "Kunna min 'yata. Daga farko."